Keken Goggo da Bargon Ƙyallaye

Wanda ya tashi a gidan da ake ɗinki ya san sautin keke mai lafiya tun kafin ya san sunan sassansa. Ƙat-ƙat-ƙat ne a jere, babu gaggawa babu tangarɗa, kamar luguden mata biyu da suka saba daka tare. Da wannan sautin na tashi a gidan goggona a unguwar Limawa, cikin Dutse. Shi ya sa a hunturun da ya wuce, da na kai mata ziyara, tun daga zaure na san akwai damuwa. Keken zai ɗauka, ya yi taku goma, sai ka ji ƙas, sai shiru, sai muryarta tana salati.

Na same ta a tsakar gida ta juya ɗinkin tana nuna wa jikarta bayansa. Zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Ta sama kuma ɗinkin yana tafiya daidai, sai ya tsallake wuri biyu ko uku, ya bar zare a miƙe babu kamu. A cikin murfin gwangwanin da take ajiye ƙananan kaya akwai karyayyun allurai uku, duk na wannan makon.

Abin da take ɗinkawa bargo ne na jikarta da za a kai ɗakin miji. Ba irin na kanti ba. Falle uku ne aka haɗa. Na sama ƙyallaye ne da ta shafe shekaru tana tarawa a cikin buhu: guntun atamfa, bakin shadda, ragowar yadin makaranta, har da wani yanki na zanen da mahaifiyar yarinyar ta ɗaura ranar sunanta. Ta yanka su murabba'i-murabba'i, kowanne kamar tafin hannu, ta jera su yadda launi zai amsa launi. A tsakiya ta sa tsohon bargon da ya yi laushi don ɗumi, a ƙasa kuma zanen gado mai kauri. Haɗa ƙyallayen bai ba ta wahala ba. Sai da ta zo bin falle ukun nan da ɗinki a tare keken ya ƙi.

Na ce mata, "Goggo, ki bari in sayo miki mai amfani da lantarki, wannan ya gaji." Da gaske nake, don na ga yadda idonta ya yi ja. Ta ce, "Ɗana, wutar da za ta zo tsakar dare ita zan zauna jira? Wannan bai gaji ba, wani abu ne ke damunsa, kuma akwai wanda ya san shi."

Baƙin keken da ya zaga duniya

Keken nata Butterfly ne, baƙi, mai zanen ruwan zinare da ya koɗe a daidai inda hannu ke gogawa. Yana kan teburinsa na katako mai ƙafafun ƙarfe da feda. Ya shigo gidan tun Dutse tana ƙarƙashin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991 a mai da garin babban birni. Duk ginin da ka gani daga sakatariya zuwa Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, keken nan ya girme shi, kuma ya ɗinka kayan makarantar wasu daga cikin waɗanda ke aiki a ciki yau.

Irinsa na nan birjik a shagunan teloli na Takur da Yalwawa, a rumfunan kasuwar Shuwarin, a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, da kuma cikin gidaje inda mata ke ɗinki ba tare da allon talla ba. Sunan da ke jikinsa na iya bambanta, amma in ka kwantar da kan ka leƙa cikinsa, kusan duk jini ɗaya ne. Wani Ba'amurke, Elias Howe, shi ya yi rajistar ɗinkin zare biyu masu sarƙe juna a 1846. Isaac Singer ya biyo baya da nasa keken a 1851, kuma kamfaninsa ne ya kai na'urar lungu-lungu na duniya. Samfurin da ake kira Singer 15, wanda asalinsa ya fito a 1879, shi ne kakan mafi yawan baƙaƙen kekunanmu. Tsofaffin Singer da ake samu a nan masu harafin K a lambarsu, kamar 15K, a masana'antar Kilbowie ta garin Clydebank a Sikotilan aka ƙera su. Wannan masana'anta ta buɗe a 1885, ta rufe a 1980, amma kekunanta ba su san ta rufe ba, suna nan suna aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Japan suka kwaikwayi samfurin, haka ma kamfanonin Sin da Indiya. Butterfly daga Shanghai yake. A can ƙasar Sin, akwai lokacin da keken ɗinki yana cikin abubuwa huɗu da ake sa ran gani a sabon gidan aure, tare da keken hawa da agogo da rediyo. Mu ma nan an daɗe ana sa shi a kayan ɗaki, ko a kawo shi tsarabar Makka.

Wannan zumunci na jini shi ne sirrin tsawon ransa. Kwarkwaron wannan yana shiga wancan, allurar wancan tana hawa wannan. Babu wani sashe da aka rufe don kada ka gani. Da sukundireba ɗaya da man keke da haƙuri, mutum na iya kai wa ga kusan komai.

A zaure

Wanda Goggo ta ce ya san keken wani dattijo ne da ke yawo da akwatin kayan aikinsa a bayan mashin. Kwana biyu muka yi kafin ya samu zuwa, domin yanzu irinsa kaɗan ne, aiki kuma ya yi masa yawa. Muka fito da keken zaure, Goggo ta yafa mayafi ta zauna a gefe.

Bayan gaisuwa bai taɓa ko sukuru ɗaya ba. Ya cire bel, ya sa hannu ya juya tayar a hankali, ya karkata kunne. Ya sake juyawa. Sannan ya ce, "Hajiya, wane mai aka sa masa?" Goggo ta dubi jikarta, yarinyar ta sunkuyar da kai. Ashe man keke ya ƙare kwanakin baya, ta ɗiga masa na gyaɗa don ta taimaka. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce mata, "'Yata, ba ke kaɗai ba ce, rabin kekunan da nake dubawa haka ake musu." Man girki yana sa keke ya yi santsi kwana kaɗan, daga baya ya daskare ya zama ƙaro, ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai. Baƙin mai na mota kuma ya yi kauri, ga ɓata kaya. Ya ɗiga kananzir a kowane ramin mai, ya yi ta juya tayar har wani baƙin ruwa ya fara tsiyaya a kan tsumma, ya goge, sannan ya bi da man keke, ɗigo ɗaya kowane wuri.

Daga nan ya kwance farantin da ke ƙarƙashin allura. Abin da ya zaƙulo daga tsakanin haƙoran da ke jan yadi ya ba ni mamaki: gashin yadi da ƙura sun danƙare har sun zama kamar guntun bargo, sun hana haƙoran tasowa yadda ya kamata. Tsohon bargon da Goggo ta sa a tsakiya yana zubar da gashi fiye da atamfa sau da yawa, kuma duk can yake taruwa.

Amma inda ya daɗe shi ne wajen allura. Ya zare ta, ya murza tsakanin yatsunsa, ya miƙo mini. "Duba gindinta." Zagaye ne sumul. Ya ciro wata daga takardarsa, ita kuma gefe ɗaya na gindinta a baje yake. Goggo ta aiki yaro wani shago, aka ba shi allurar manyan kekunan lantarki na shaguna, irin su Juki, aka ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma sai ka gane yadda ɗinkin ke ƙulluwa kafin ka ga dalili.

Allurar keke ba ta ratsa yadi ta fita ta ɗaya gefen kamar ta hannu. Tana nutsawa ne da zaren sama, ta kai ƙarshe, ta ɗan ɗago kamar milimita biyu. Wannan 'yar ɗagowar ce ke sa zaren ya yi ɗan lanƙwasa a gefenta, ya buɗe kamar kunnen jaka. A daidai wannan ƙiftawar ido wani ƙarfe mai tsini a gidan kwarkwaro zai wuce dab da allurar, ya ɗauki zaren, ya zagaya da shi bayan kwarkwaro, ya sarƙe da zaren ƙasa. Sai hannun da ke sama ya ja, ƙullin ya shige tsakiyar yadi. Tazarar da ke tsakanin tsinin nan da allura ba ta wuce kaurin takarda ba. Bajajjen gefen gindin allura shi ke zaunar da ita a daidai wannan tazara, ya kuma hana ta juyawa. In aka sa mai zagayen gindi, ko aka juya ta baibai, ko ta ɗan lanƙwashe, tsinin zai zo ya wuce bai sami zare ba. Shi ne tsallake. A irin keken Goggo bajajjen gefen dama yake kallo, doguwar tsagar jikin allura tana hagu, zare kuma daga hagu yake shiga. Dattijon ya ce ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce: zare yana shiga ne ta ɓangaren doguwar tsaga.

Ban da haka, allurar lamba 14 ce, wadda ta dace da atamfa falle biyu. A mahaɗar ƙyallaye huɗu, ga naɗin bakinsu, ga bargo, ga zanen gado, allura na ratsa falle bakwai ko takwas. Siririya sai ta kauce, ta daki faranti, ta karye. Ya sa lamba 18, ya ce in an fita daga wurare masu kauri 16 ma ta isa.

Cukurkuɗewar ƙasa kuwa, a nan ne mutane ke barin jaki su doki taiki. Duk wanda ya ga zare ya taru a ƙasan yadi, gidan kwarkwaro yake zargi, ya kama ɗan sukurun da ke jikinsa ya yi ta murɗawa har ya ɓata abin da yake daidai. Alhali zaren sama ne ya saki. Dattijon ya ɗaga ƙafar keke, ya buɗa faya-fayan nan biyu da ke matse zaren sama, waɗanda teloli ke kira tanshan, ya zura gefen tsumma a tsakaninsu. Sai ga wani guntun jan zare ya fito, shi ya tokare su ya hana su matsewa. Ya nuna wa yarinyar cewa kullum a ɗaga ƙafa kafin a sa zare, domin in ƙafa na ƙasa faya-fayan a rufe suke, zaren zai kwanta a bakinsu ne kawai bai shiga ba. Kwarkwaron kuma ya riƙe shi ta zare, ya ɗan girgiza hannu, gidan ya zame ƙasa kaɗan ya tsaya. Ya mayar da shi bai taɓa sukurunsa ba.

Bel ɗin fata ya bushe ya miƙe, sai ya rage shi, ya huda sabon rami, ya mai da ƙugiyarsa. Na tambaye shi, "Baba, taimin fa, wato daidaiton lokacin da tsinin nan ke haɗuwa da allura? Na ji ana cewa shi ke kawo tsallake." Ya ce a irin wannan keken da wuya taimin ya goce, kuma shi ne abu na ƙarshe da yake taɓawa, ba na farko ba. Wanda ya fara da taimin, in ji shi, ko dai bai san aikin ba, ko yana son kuɗin aikin ya yi yawa.

Saura abu ɗaya, kuma ba a jikin keken yake ba. Ya ce Goggo ta hau ta ɗinka ya gani. Tana farawa ya ce, "Tsaya, Hajiya." Bargon ya zubo daga tebur yana reto, nauyinsa yana jan allura gefe, ita kuma tana taya shi da ja daga baya don ya wuce. Ya sa aka kawo benci aka ɗora ragowar bargon a kai, aka naɗe ɓangaren dama kamar tabarma don ya shige ƙarƙashin hannun keke. Ya sassauta sukurun da ke danna ƙafa, ya ƙara tsawon taku. Ya ce hannu jagora ne kawai, ja aikin haƙora ne. Goggo da kanta ta ƙara da abin da ta sani: za ta fara kama falle ukun da manyan ɗinkin hannu, ta kuma fara bi daga tsakiya zuwa baki, don haƙora na jan na ƙasa ƙafa tana tura na sama, in ba a kama ba sai a ƙare da tattara.

Duk aikin bai kai awa biyu ba. Abin da aka saya sabo allura ce da kwalbar mai.

Daga lifidi zuwa gado

Wasu na ɗauka irin wannan ɗinki na cusa abu a tsakanin yadi biyu a bi shi da layi baƙon abu ne da muka gani a talabijin. Ba haka ba ne. Duk wanda ya tsaya kallon hawan sallah a ƙasar Hausa ya ga 'yan lifida, su da dawakansu cikin kaya masu kauri da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, sau da yawa launi-launi. Kafin ya zama ado, lifidi garkuwa ne daga kibiya. Kundin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowarsa, tare da kwalkwali da sulke, ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15. Wato mun fi shekara ɗari shida muna wannan sana'a. Katifar audugar rimi da iyayenmu suka kwana a kai kafin zuwan soso, da huhun sirdi, duk 'yan gida ɗaya ne. Bargon Goggo jikan lifidi ne, sai dai shi da jaura yake yaƙi.

A wasu wurare an ɗauki irin wannan aiki da daraja. Matan Bengal suna jera tsofaffin sari su bi su da ɗinki, su kira shi kantha. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, mata baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin kayan aikin gona don sanyi kawai. A 2002 aka baje ayyukansu a gidan adana kayan fasaha na Houston, sannan a Whitney na New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan a kan sarki. Mu nan har yanzu akwai masu kallon bargon ƙyallaye a matsayin alamar babu. Ina ganin wannan kuskure ne, musamman in ka tuna buhunan ƙyallayen da ake sharewa daga shagunan teloli kowace jajibirin sallah a cinna musu wuta, alhali yadin da kuɗi mai tsada aka ɗauko shi daga Kantin Kwari.

Wanda ba a rabawa

Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar nan shi ne dattijon, ba keken ba. Shekara da shekaru muna ganin ana raba kekunan ɗinki ga mata da matasa a bikin yaye ɗaliban koyon sana'a, a Jigawa da sauran jihohi, daga gwamnati da 'yan siyasa da ƙungiyoyi. Abu ne mai kyau, ba na raina shi. Amma ana koya wa yarinya yanka da haɗi, a miƙa mata keke a kwali, ba a zaunar da ita ko yini ɗaya an kwance farantin allura a gabanta ba. Ranar da ya fara tsallake, in tana ƙauyen da ke nesa da Dutse, wa za ta kira? Na shiga gidajen da keke ke jingine a lungu an ɗora kwanuka a kansa, an ce ya lalace. Bayan abin da na gani a zauren Goggo, ina zargin da yawansu allura ce aka juya baibai.

Kuma bukatar baƙin keken ba raguwa take yi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, telan da ya dogara da janareta ya san abin da kowace riga ke ci kafin ya ga riba. Da yawa da suka koma kekunan lantarki sun bar mai feda ɗaya a gefe saboda ranar da wuta ta ɗauke ana saura kwana uku sallah. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai masu gyaran nan tsufa suke yi, samari kuma gyaran waya ya fi jan hankalinsu, ba kuma zan ga laifinsu ba tunda can kuɗin yake. Dattijon ya gaya mini yara biyu ya taɓa ɗauka, duk sun tafi kafin su iya jin keke da kunne. Da cibiyoyin koyon sana'a za su ɗauki irinsa su biya shi ya koyar da mako biyu kacal, kafin a raba kowane keke, da kuɗin da ake kashewa ya fi haka amfani. Da kuma an haɗa wa kowace mai karɓa da kwalbar mai, da ƙaramin buroshi, da takardar allura mai bajajjen gindi.

Na koma gidan bayan mako uku. Daga zaure na ji luguden ya dawo. Amma ba Goggo ce a kan keken ba, jikarta ce, tana bin layin ƙarshe na bakin bargon, Goggo na tsaye tana tallafe da nauyinsa a kan hannuwanta biyu. Da suka kai ƙarshe yarinyar ta ɗaga ƙafar keke, ta yanke zare, ta ɗauko sukundireba daga murfin gwangwani, ta kwance farantin, ta sa tsinken tsintsiya tana zaƙulo gashin da ya taru. Goggo ta shimfiɗa bargon a kan igiya, ta kira ni in zo in nemo guntun rigar sallata ta yarinta, wai tana wajen kusurwar hagu, kusa da zanen suna.